Faya-fayan Ƙanena da Na Rataya a Kan Dabino

Edita, Allah ya saka da alheri da wannan fili da kuka buɗe mana. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, yau dai na ce bari in sauke ta. A lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da ɗaya, ni ce babba a gidanmu, kuma ni ce mai bakin gidan. Iyayenmu Hausawan Sudan ne, amma a Madina aka haife mu. Tun da mahaifiyarmu ta rasu na riƙe gidanmu na unguwar Sih, Baba kuwa yana kula da wata gonar dabino a Awali, shekara da shekaru. Idan na yanke magana ba mai tankawa, har Baba kan ce a bar ta, uwar gida ce. Ƙanena guda ɗaya ne, namiji, ɗan shekara ashirin da huɗu, yana gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Mutum ne mai sanyi, in yi masa Hausa ya mayar mini da Larabci, in yi ta faɗa ya yi murmushi. A shekarar nan ne kunnensa ya fara nauyi. Sai na kira shi sau uku kafin ya waiwayo, kuma idan ana magana sai ya riƙa kallon bakin mutum.

Yana da wani akwati ƙarƙashin gadonsa cike da faya-fayan sidi na kiɗan Turawa, irin wanda yake kira metal da kuma furogiresif rok. A kantunan garinmu ba a samun su, sai ya yi ta saƙo wurin abokan aiki masu zuwa Jidda, ko wanda zai tafi hutu ƙasar waje, wani faifan ma sai ya yi wata biyar yana jira. Kowace Juma'a bayan la'asar zai ɗauki guda ɗaya tak, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, ya zauna daga farkon faifan har ƙarshe, ba ya tsallake waƙa, ba ya amsa waya. In ya gama sai ya yi rubutu a wani littafi. Wata rana ya yi ƙoƙarin ganar da ni. Ya ce shekarun farkon ƙarnin nan an yi faya-fayan da ba a taɓa yin irinsu ba, kowanne labari ne guda daga bango zuwa bango, waƙa ɗaya takan kai minti ashirin. Ya ce akwai wanda mai gangar ke ƙirga bakwai-bakwai maimakon huɗu, sauran makaɗan suna tafiya dabam, sai can su haɗu a bugu ɗaya kamar sun yi alkawari. Akwai wanda mawaƙin ke ruri kamar bijimi, kafin ka farga ya koma rera murya mai taushi da jita ɗaya. Idanunsa har ƙyalli suke yi. Ni kuwa bangon faya-fayan na kalla, wani da ƙoƙon kai, wani da baƙar bishiya, na ce a'uzubillahi, wannan ai kayan shaiɗanu ne.

Ban zo yin fatawa a kan kiɗa ba, malamai na nan. Abin da ya tsaya mini shi ne kunnensa. Na haɗa lissafina ni kaɗai: ga hayaniya a cikin kunne kowane mako, ga kunne yana mutuwa, to me ya rage? Na tare shi na ce da hannunsa yake kurmantar da kansa. Ya fara cewa ya je asibiti, likita ya ce, ban bari ya ƙarasa ba. Na ce likita bai raine shi ba, ni na goya shi, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya ce halas, wato shi ke nan, Yaya, ya fita. Wallahi a ranar ji na yi na yi nasara.

Sai lokacin nunar dabino ya zo. Duk wanda ya san Awali ya san yadda tsuntsaye ke yi wa ɗanyen dabino in ya fara zaƙi, su tsattsaga shi su bar rabi ya ruɓe. Manoma kan rataya tsofaffin faya-fayan sidi a jikin nonon dabinon, iska ta juya su, ƙyallin ya kori tsuntsu. Baba ya dawo yana ƙorafi cewa nasa sun ƙare, ga gwara sun addabi bishiyoyin da ke bakin katanga. A makon kuma an tura ƙanena Khaibar aikin kwana tara a wani ma'ajin dabino. Na ce alhamdulillah, jifa ɗaya tsuntsu biyu. Na jawo akwatin, na zare faya-fayan daga gidajensu ɗaya bayan ɗaya, na zura musu igiya ta ramin tsakiya, na kai wa Baba na ce tsofaffi ne, an gama da su. Bawan Allah bai tambaya ba. Da kaina na tsaya a gindin bishiyoyin ina miƙa masa, ina jin daɗin yadda suke walƙiya. Kuma gaskiya tsuntsayen sun gudu, Baba har ya sa mini albarka.

Kwana tara faya-fayan suka yi suna shan ranar Madina, a tsakiyar zafi. Da ƙanena ya dawo ya ga akwati fanko, bai tambayi kowa ba sai ni, na kuwa faɗa masa ba tare da ko ƙifta ido ba. Na bi shi gonar don in ga abin da zai yi. Ya tsaya yana kallon sama. Wasu sun lanƙwashe, wasu farin bayansu ya ɓare, ƙayar dabino ta kakkarce sauran. Ya ɗauko tsani ya fara kwance su, yana goge kowanne da bakin rigarsa, yana karanta sunan. Na shirya wa faɗa, na tanadi amsoshina, amma shi sai ya ci gaba da kwance su. Da muka koma gida ne ya ciro wata takarda daga aljihun motarsa ya ajiye mini a kan tabarma. Takardar asibiti ce. Na sa ya bayyana mini, ya ce ciwon a jijiyar kunne yake, ba ruwansa da kiɗa, ko ya saurara ko kada ya saurara zai tafi, kuma likita ya ce da wuya ya wuce shekara ɗaya yana ji. Shi ya sa ya tsara su mako-mako, don ya ji kowanne da kyau ya adana a kansa. Ya ɓoye mana ne don kada Baba ya shiga damuwa. Guda goma sha ɗaya suka rage bai taɓa sa su ba, kuma su ne waɗanda ya fi ɗoki, ya bar su ƙarshe kamar yadda ake barin nama a ƙarshen tuwo.

Innalillahi! Garin neman gira na rasa ido. Na ce zan nemo wasu ko daga ina ne, muka yi ta saƙo, amma lokacin ba kamar yanzu ba ne da komai ke cikin waya. Uku kawai suka iso kafin kunnen ya rufe gaba ɗaya, wata bakwai bayan nan. Bai taɓa goranta mini ba, ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Shekaru sun wuce, aka ba mu mata damar tuƙi a ƙasar, na koya, ya bar mini tsohuwar motarsa. Ranar da na fara doguwar tafiya da ita, zuwa Khaibar ɗauko wa Baba kaya, na taɓa wani maɓalli bisa kuskure, ashe akwai faifai ɗaya da ya tsira a cikin rediyon tun wancan zamani. Na kai hannu zan kashe, sai na fasa. Jama'a, ni da ba na jin Turanci, ni da na kira shi kayan shaiɗanu, na yi sa'a guda ban san na yi ba. Ya fara a hankali kamar ɗigon ruwa, gangar ta shigo, jitocin suka taso da nauyi har kujera na rawa, sai duk suka ɗauke, aka bar murya ɗaya tana kuka. Can wajen ƙarshe sautin farko ya dawo, amma ya canza, kamar mutumin da ya yi tafiya ya dawo da furfura. Na gane ba hayaniya ba ce. Aiki ne na mutanen da suka zauna suka ƙera kowane bugu, irin yadda Baba ke bin bishiya ɗaya-ɗaya yana yi wa furen dabino barbara da hannu. Na tsayar da mota a gefen hanya na yi kukan da ban yi ba a gonar.

Na roƙe shi littafinsa, na ga sunayen takwas ɗin da bai samu ji ba, ba a rubuta komai a gabansu ba. Yau duk suna cikin wayata, da taɓawa ɗaya. Yanzu duk Juma'a bayan la'asar muna zama a motar, in ƙure sauti, ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙofa inda sifika take. Gangar yana jin ta a hannu, har yakan ƙirga mini da yatsa, ya gyaɗa kai in makaɗan sun haɗu. Amma waɗannan faya-fayan suna da wuraren da komai ke yin shiru, a bar murya da jita mai laushi, kuma a nan ƙofar ba ta motsi. Makon jiya, a faifan da ya fi ɗoki, hannunsa ya yi minti huɗu bai ji komai ba. Ya juyo ya tambaye ni ko ya ƙare ne. Na girgiza kai. Ya ce to me ake yi a wurin? Na ɗauki biro na rubuta masa cewa yana da daɗi ƙwarai. Ya karanta, ya yi murmushin nan nasa, ya ce ai ya san da daɗi, yadda yake ya so ya sani. Na riƙe biron har waƙar ta wuce ban iya ƙara harafi ba.

Abin da na koya ke nan, 'yan'uwa, musamman mu manya da muke ganin raino ya ba mu ikon sanin komai. So na yi masa, ba ƙiyayya ba, amma son da ba ya saurare ɓarna yake yi. Abin da na raina ban taɓa ba shi minti biyar na kunnena ba, ni da nake da kunnen. Idan naku ya riƙe wani abu da hannu biyu, ko bai yi muku kyan gani ba, ku tambaye shi dalili, kuma ku bari ya kai ƙarshen maganarsa. Ƙanena ya ce likita ya ce, na katse shi. Kalmomi kaɗan suka rage a bakinsa a ranar, kuma da na jira su da ya ji faya-fayansa da kunnensa.