Burodin Khala Zubaidatu a Matakala

A wani bene mai hawa huɗu a unguwar Kudai ta Makka, bayan tashar motocin alhazai, akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Khala Zubaidatu. A nan Makka, a unguwar Tandabawi, aka haife ta. Kakanta ya taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar ya yi hajji ya koma gida, ya yi hajjin, komawar ce har yau ba a samu sarari ba. Hausarta ta Sakkwato ce da ta jiƙu da Larabcin Hijaz. Mijinta direban tasi ne, ya rasu. 'Ya'yanta suna Jidda da Ɗa'ifa, kowanne yana roƙon ta koma wurinsa, ita kuwa takan ce tana da aiki.

Aikin nan burodi ne. A unguwar ba a jefa burodi a shara, domin ni'ima ce. Mutum na iya sayen wanda ya fi cikinsa, yana iya barinsa ya sandare a kan tebur, duk ba wanda zai ɗaga ido. Jefarwar ce kaɗai abin kunya. Saboda haka kowane gida yakan ɗaure ragowar burodinsa, tamis ne ko samuli, a leda ya rataye a hannun ƙofa. Da hantsi Khala ta bi ta tattara, ta hau rufin bene ta shanya a tabarmi. In ya bushe ƙarau, wani Ja'afaru mai tumaki a bayan gari ya zo da motarsa ya kwashe. An daɗe ana haka. Mutanen bene suna kwana da zuciya wankakkiya, tumakin Ja'afaru suna ƙiba, ba wanda ya taɓa tambayar gwiwoyin Khala ra'ayinsu game da matakala, ga shi benen ba shi da asansir, na'urar nan mai hawa da mutane sama.

Ana nan sai mai benen ya sauya kamfanin da ke kwashe masa shara. Na da kusan kullum motarsu na zuwa. Sababbin suka kawo durom biyu manya: baƙi na shara, kore na kwali da gwangwani da gorunan roba, waɗanda za a sake sarrafawa. Mota kuma sai bayan mako biyu. Ana kyautata zaton wanda ya tsara wannan a ofis mai sanyi ya zauna, kuma bai taɓa barin kan kifi cikin leda a zafin Makka ba.

Talal, wakilin mai gida, shi ya bi ƙofa ƙofa yana bayani. Saurayi ne mai tsabta, jikan Hausawan unguwar Hindawiyya, amma Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba sai kaɗan. Ya ce baƙin na shara ne, koren na abin da ba shara ba.

Mutane suka dubi koren durom: sabo fil, mai murfi, ko ƙura babu. Suka tambayi kansu, mene ne a duniya ya fi burodi zama ba shara ba? Wasu ma suka ga ai an hutar da tsohuwa. Hannayen ƙofa suka zama wayam, har Khala ta fara zaton likita ya hana benen gaba ɗaya cin burodi.

Mako biyu burodi yana rufe cikin koren durom yana gumi. Da mota ta zo, ma'aikacin ya ɗaga murfi, ya mayar da sauri, ya ce su ba sa ɗaukar kore in da abinci a ciki, sai wani zuwan. Kafin wani zuwan, kyankyasai sun kafa gari, ɓeraye sun zo ziyara da iyalansu.

Talal ya zauna ya yi nazari. Ɓera burodi yake bi, burodi na Khala ne, Khala kuma rufin bene take. Ya sayo kwaɗo ya rufe ƙofar rufin.

Ta same shi a bakin ƙofar gida da ledoji a hannu.

“Ya waladi, mi na yi maka?”

“Ma'alesh, haƙuri, ya Khala. Ɓera. Ɓera katir, da yawa.”

“Ɓeran a sama ka gane shi ko a ƙasa?”

“A ƙasa.”

“To ka rufe sama. Mashallah, karatu bai faɗi ƙasa banza ba. Ni na sa su sunka zuba ni'ima cikin garwa?”

“Umarnin mai gida ne, ya Khala. Khalas.”

“Ina zan shanya?”

Talal ya ɗaga kafaɗa ya shige motarsa.

Ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Ta ɗaure hanci da gefen mayafi, ta sa mai gadin benen ya karkata mata koren durom, ta zauna ta tsince shi tas, kwali gefe, gwangwani gefe, burodin da ya yi fumfuna ta ƙulle shi daban don Ja'afaru ya binne a gona. Daga ranar ta kafa kujera kusa da durom ɗin bayan la'asar, duk wanda ya sauko da leda sai ta leƙa, kamar jami'ar kwastan. Burodi ya koma hannun ƙofa. Amma burodin da ba a shanya ba kwana kaɗan yake yi ya lalace, kuma in ya lalace ƙarshensa baƙin durom. Wannan ne abin da Khala ta rantse ba za a yi tana raye ba.

Ɗakinta ƙarami ne, rana ba ta shiga. Matakala kuwa tana da taga a kowane hawa. Sai ta shimfiɗa jaridu da tsofaffin buhuna, ta jera burodi a kan matakai tun daga ƙasa har ƙofar da aka rufe, ta bar wata siririyar hanya a jikin bango, daidai faɗin ƙafa ɗaya.

Ba wanda zai taka ni'ima, ba kuma wanda zai share ta. Maza masu tumbi suka riƙa hawa a karkace suna manne da bango. Wani ya sayo injin wanki, injin ya kwana a ƙofar gida, ba hanyar hawa da shi. Aka je wurin Malam Abdulquddus, ɗalibin fiƙihu daga Zariya da ke hawa na uku, aka tambaye shi hukuncin tsallake burodi. Ya ce shi dai bai ga nassin da ya haramta ba. Washegari aka gan shi yana saukowa a kaikaice, ya tattare jallabiya har gwiwa.

“Malam, ai ka ce babu laifi,” in ji Khala.

“Na ce ban gani a littafi ba, Hajiya. Amma na ga mahaifiyata, ba ta taɓa tsallakewa ba.”

Masu ƙorafi suka yi wa Talal waya, ya zo da zafinsa, ya umarci mai gadi ya kawo tsintsiya. Mai gadi ya kawo, ya miƙa masa. Talal ya dubi tsintsiya, ya dubi matakala, ya jingine ta a bango, ya ce zai hau ya yi magana da tsohuwar da kansa.

Bai yi nisa ba gefen takalminsa ya ture wani guntun tamis, ya gangara ƙasa. Kafin ya yi tunani ya riga ya sunkuya ya ɗauka, ya sumbace shi, ya taɓa goshi da shi, kamar yadda aka koya masa tun bai san sunan abin ba. Ya waiga neman wuri mai tsayi da zai ajiye. Matakin sama cike yake, na samansa ma haka. Ya ci gaba da hawa da guntun a hannu, ya ture wani, ya ɗauka, ya sumbata. Da ya isa hawa na ƙarshe hannuwansa biyu cike suke, farar doguwar rigarsa duk gari, yana haki. Khala na zaune a matakin ƙarshe tana jan carbi, bayanta jingine da ƙofar rufi.

“Ahlan, ya waladi. Ka kawo mini ni'ima? Allah shi yi albarka. Aje ta.”

Talal ya duba hagu, ya duba dama.

“Fen, ya Khala? Ina?”

“Ni ma abin da na tambaye ka ke nan.”

Ya dubi kwaɗon da ke bayanta. Sannan ya juya mata aljihunsa na gefe, tunda hannuwansa ba su da sarari, ta zura hannu ta ciro makulli ta buɗe kwaɗon da kanta. Rana ta faɗo cikin matakala. Ya shiga ya zube abin da ke hannunsa a kan tabarma, ya juyo zai tafi.

“Ina za ka? Saura na ƙasa. Fara daga hawa na ɗaya, kai ne mai gwiwa.”

Ya naɗe hannun riga ya sauka.