Yarinyar da Ke Kwance a Bayan Dair

A gidanmu na unguwar Ranuna, idan sanyi ya shigo Madina, Kaka takan hura gawayi a kasko bayan magariba, ta ɗora shayi, mu kewaye ta. Sai ta gyara mayafi ta ce, "To, ga wata ta taso daga nesa." Mu kuwa haihuwar nan, mu amsa da "Ya hala," ta harare mu.

"Ku dai bakinku ya lalace. Tatsuniyar ma sai kun yi mata Larabci?"

Tana da labarai da yawa, amma ɗaya ne take komawa kansa har ya ishe mu, labarin wani tsohon gini a arewacin Sudan, wanda mutanen wurin ke kira Dair. Ni na san dalili tun ina ƙarama, domin Umma ta faɗa min a kicin, ta ce in kama bakina. Lokacin da Kaka da marigayi mijinta suka taho hajji a ƙasa, 'yarsu ta fari ta rasu a ginin nan, a can aka binne ta. Kaka kuwa macen da ce, mai alkunya. Ba ta faɗin sunan 'yar fari, ba ta nuna ma tata ce. Duk waɗanda suka yi tafiyar sun rasu, ita kaɗai ta rage da ta san inda kabarin yake, kuma bakinta a ɗaure.

Sai ta riƙa ba mu labarin ginin. Ta ce Nasara ne suka fara gina shi, irin waɗanda suka bar duniya, ba aure ba haihuwa, sai ibada. Kowa da ɗan ɗakinsa, ko miƙe ƙafa ba a yi sosai. Suka haƙa rijiya, suka zana mutane masu manyan idanu a bango. Da zamaninsu ya wuce, sojoji suka zo suka ɗaure dawaki a ɗakin ibadar. Bayan su fatake suka cika ɗakunan da buhunan dabino. Can wani malami ya shafe zanen da farar ƙasa, ya fitar da alƙibla, yara suka yi ta karatu. Daga ƙarshe rufin ya zube, ya zama masaukin matafiya da awaki.

"Gini ba ya zaɓen baƙo," in ji ta. "Wanda ya zo, shi ne mai gida."

Daga nan muryarta takan sauka. Wata mata, in ji ta, ta sauka a can da jaririya mai zazzaɓi, jaririyar ba ta tashi ba. Tsohon da ke gadin rijiya ya nuna musu wuri a bayan katangar gabas, ɗan nesa da kaburburan mutanen farko, kusa da wani dutse mai tsaga. Matar ta ji tsoron barin 'yarta cikin baƙi. Tsohon ya ce mata, "Ya bitti, 'yata, waɗannan ba su taɓa cutar da maƙwabci ba. Tafi hajjinki."

Sai Kaka ta tsare mu da tambaya. Wace katanga? Wane dutse? Idan ƙanena Usman ya ce ta yamma don tsokana, ranar ba shi ba shayi.

Na girma, na yi aure, idanun Kaka suka dushe. Wata rana wani maƙwabcinmu, direban babbar mota tsakanin Yanbu da Madina, ya ce shi ɗan yankin Dair ne. Ya ce yanzu an kewaye Dair da waya, masu binciken kayan tarihi suna tona ƙasa, har kaburbura sun buɗe. Na roƙe shi ya sa ɗan'uwansa ya je bayan katangar gabas ya duba, ya turo min hoto, ban gaya wa Kaka komai ba. Kwanakin nan ko abinci ba ya min daɗi.

Da hoton ya iso wayata, na zauna gefen shimfiɗarta na faɗa mata duka. Na ce mutanen ƙauyen da ke kusa sun ga ɗan kabarin yana fuskantar alƙibla, suka ce wannan namu ne, kada a taɓa. Sun jera masa duwatsu, an yi hanya ta kewaye shi.

"Dutsen mai tsaga yana nan?"

"Yana nan, Kaka."

Ta karɓi wayar, ta riƙe ta a tafin hannu, alhali ba ta ganin komai. Sannan a hankali ta ce, "Sa'adatu." Ko Umma ba ta taɓa jin sunan ba sai ranar.

Da can ina ɗauka alkunyar nan taurin zuciya ce, har nakan ji haushin Kaka a raina. Sai da na haifi tawa na gane irin nauyin da ta ɗauka, tana ta lissafa mana sojoji da fatake da malami don ta samu hanyar isa bayan katangar. Yanzu idan 'ya'yana suka nemi labari, nakan ba su na Dair, su ma su amsa min da Larabci. Ni dai ba ni da alkunyar Kaka. Idan na kai wurin, nakan ce musu, nan goggona Sa'adatu take kwance.