Binnen Malam Isyaku

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Malam Isyaku makwancinsa, a maƙabartar da ke bayan gonakin ƙauyenmu, kusa da Dawakin Tofa. Aminina ne tun muna ɗaukar allo. Shi ya zauna gida yana koyar da Turanci a sakandaren maza ta yankinmu har ƙarfinsa ya ƙare. Ni kuwa fataucin fata ya yi ta yawo da ni, daga Khartum zuwa Abidjan, har wani gari mai tashar jiragen ruwa a arewacin Ingila. Yakan kira ni Sarkin Yawo, ni kuma in ce masa Turken Gida.

Duk shekara idan hadarin farko ya haɗo daga gabas, shi nake fara tunawa, saboda wata rana da ya ja ni ajinsa.

Isyaku yana da tasa hanyar koyar da waƙoƙin Turanci. Sauran malamai sukan cika allo da sharhi, yara su kwafa su haddace. Shi kuwa sai ya karanta waƙar sau biyu, ya ajiye alli, ya koma bencin baya ya zauna, ya ce, "To, me ke damun mutumin nan?" Daga nan sai jira. A Khartum na ga direban mota yana ƙarasa wa fasinja baitin da ya fara. A Abidjan na ga ɗalibai suna musu da malaminsu har jijiyar wuya ta tashi. Mu kuwa mun tarbiyyantar da yaro kada ya ɗaga ido gaban babba, balle ya ce masa ga yadda yake gani. Isyaku yakan ce shirun yaranmu kunya ce, ita kuwa kunya jira take so.

Jiran nan ne ya haɗa shi da shugaban makaranta. Jarrabawar fita ta matso, bai ci rabin waƙoƙin da aka ɗora wa 'yan aji shida ba. Shugaban ya faɗa masa ƙarara cewa idan zangon ya ƙare bai kammala ba, zai karɓe ajin ya ba wani. A duniya kuwa ba abin da Isyaku yake so kamar ajin nan.

A wannan hali na dawo hutu, ƙarshen bazara, mutane sun yi binne, wato sun zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa ya zo ya tarar da shi. Isyaku ya same ni a zaure ya ce, "Sarkin Yawo, yau yawonka zai yi rana. Taso ka ba da shaida."

Waƙar da suke kai ta wani mutum ce da ke tsaye bakin taga, sama ta yi baƙi, ruwa na zuba. Mai waƙar baƙin ciki yake nufi, masu jarrabawa ma shi suke so a rubuta. Amma ajin gaba ɗaya sun tsaya a kan cewa mutumin murna yake yi. Wani dogon ɗalibi mai suna Habibu ya ce, "Malam, wa zai ga ruwa na sauka ya ɓata rai, in ba wanda ya cinye irinsa ba? Ƙagara ya yi a ɗauke ya fita gona." Kalma ɗaya ta isa Isyaku ya gyara musu a wuce. Ya ƙi faɗarta, kwana da kwanaki.

Na tsaya gabansu na ba da labarin ruwan Ingila: yayyafi mai sanyi, ba tsawa, ba ƙamshin ƙasa, a yi makonni ba a ga rana ba, kowa ya sunkuyar da kai yana sauri. Habibu ya dube ni da ladabi ya ce, "Baba, to su ba sa cin tuwo ne?" Aji ya kwashe da dariya. An ce gani ya kori ji, kuma ni kaɗai na gani.

Sai Isyaku ya yi magana daga bencin baya. Ya ce su bar Bature da ruwansa, su faɗa masa wace irin sama ce idan iyayensu suka kalla sai su kasa cin abinci. Can Habibu ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, bara bayan sun yi binne an yi ɗan ruwa, gero ya tsiro, sai sama ta washe tas, rana ƙwal. Kullum da safe babansa yakan tsaya bakin gona, hannu a baya, yana kallon gabas. Sannan Habibu ya ce, "Malam, ashe mutumin tagar nan babana ne." Isyaku bai ce masa ya yi daidai ba. Ya dai miƙa masa alli.

Ajin bai tsira a hannunsa ba. Zango ya ƙare da sauran waƙoƙi, aka mayar da shi aji ɗaya yana koyar da haɗa jimla, kuma a can ya yi ritaya. Na san abin ya ci shi, don bai ƙara bi ta gaban ajin nan ba. Da na yi masa jaje, cewa ya yi, "Binne na yi. Mai binne ba ya tsayawa gardama da sama."

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jikokina suna latsa waya, sharhin kowace waƙa ya fito a shirye kafin su karanta ɗango ɗaya. Yaran da suka tashi a noman rani na Watari, inda inji ke jawo ruwa, ban sani ba ko za su yi irin kuskuren su Habibu. Ina jin Isyaku zai yi kewar kuskuren nan, don daga cikinsa darasin ya fito. Amma ba mutum ne mai zagin zamani ba. Wataƙila cewa zai yi a kife wayoyin, ya koma bencin baya, ya jira.

Bai bar littafi ba, ba a kuma sa wa ko aji guda sunansa ba. Abin da ya rage nasa na gamu da shi bana a kasuwar Dawanau. Hadari ya taso, 'yan kasuwa na ta guje-gujen rufe buhuna, sai wani ɗan kasuwa mai furfura a gemu ya saki tamfol ya durƙusa ya gaishe ni. Habibu ne, yanzu dillalin wake. Ya nuna sama, ya nuna buhunansa da ke fili, ya yi dariya ya ce, "Baba, yau ni ne mutumin taga. A ƙauye kuwa yanzu ana can ana hamdala. Allah ya jiƙan Malam."

Na ce amin. Muka kama bakin tamfol ɗin tare, ruwan ya sauko.