Dariyar da ta sauko da ni daga jirgi

Tun ina yaro kowa a gidanmu na Dagmanet ya san ni da barci. Da na shiga sojan sama har na zama mataimakin matuƙi, taubashina, ɗan kawuna mai jigilar albasa daga Dabaga, ya samu abin yi. Ko'ina muka haɗu sai ya ce, "Kai ne za ka ɗauki mutane sama? Kai da jaki ya kai ka gidan wasu kana minshari?"

Abin da bai sani ba, barcin ya sake kama. Da rana tsaka yake zuwa, ko na kwana lafiya lau. Muna sama, mun nufi wajen Djado, sai in ji kapitan ɗina yana maimaita maganar da ban ji farkonta ba. Shayi na sha har hannuna na rawa, goro na ci har ya ishe ni. Sannan wani abu ya ƙaru. In dariya ta kama ni sosai, gwiwoyina su saki, wuyana ya langaɓe, ina ji ina gani ba na iya motsi. To, sai na daina dariya. A baz, wato sansaninmu, aka ce na cika ɗaure fuska, ni kuwa gara haka da a karɓe mini kujerata a jirgi.

Ranar sunan ɗiyata abokan aiki suka zo, har da kapitan da likitan baz, aka shimfiɗa musu tabarma a gaba. Na ja taubashina gefe na ce, "Don Allah yau ka ƙyale ni." Wauta ce, wallahi. Wa ya taɓa roƙon taubashi ya ji?

An shafa fatiha, ina zagawa da faranti cike da dabino, sai ga shi ya aro turmi da taɓarya daga wajen mata. Ya zauna bisa turmin, ya riƙe taɓaryar kamar sandar tuƙin jirgi, ya fara gyangyaɗi. "Jama'a ku riƙe da kyau," in ji shi, "in mun iso ku tashe ni."

Wuri ya kaure da dariya. Na ciji leɓe, na dubi ƙasa. Da na ga kapitan ya riƙe ciki yana share hawaye, tawa ta kuɓuce. Na zube da farantin.

Ina kwance ina jin komai. Innata tana salati, wani na cewa iska ce. Likita ya durƙusa ya duba idona, ya tambaye ni a hankali da Faransanci tun yaushe. Kapitan ya tsaya a kaina yana kallona. Mutumin nan ya sha miƙa mini tuƙi da mutane cike a bayanmu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har yau ba na iya haɗa ido da shi.

An yi mini gwaji a Yamai, aka ce ciwo ne mai suna da magani, amma ni da tuƙi sai dai kallo. Gaskiyarsu ce. Yanzu a biro nake zaune, ina aikin takardu.

Taubashina yana zuwa gidan. Ya cire takalmi a ƙofa, ya gaishe ni, ya tambayi iyali da gajiya kamar baƙo. Jiya na ce masa, "Kai dai warin albasar nan ba ya barin ka," ina jira ya rama. Ya dubi gwiwoyina, ya ce, "Haka ne, yaya."