Zanen da Ke Gadon Bayana

Shekarun baya, lokacin da 'yata ta haihu a Japan, ni aka aika wa tikitin jirgi in je in yi mata wankan jego. Karatun noman shinkafa ne ya kai su can, ita da mijinta. Ni kuwa daga ƙauyenmu na gefen Bici ban taɓa wuce birnin Kano ba. Amma na ce ko a ƙarshen duniya take, 'yata ba za ta yi jego babu uwa ba.

Na isa na tarar ba tukunya, ba itace, ba ganyen darbejiya. Banɗaki kamar akurki, ruwa daga famfo. Kwana arba'in ina mata wanka ina mita, ina cewa wannan ruwan ko kaza ba zai fige ba. Ranar da muka yi arba'in ta ce, "Inna, kin ishe ni da zancen ruwa. Shirya, zan kai ki inda ƙasa da kanta take dafa shi."

Muka hau jirgin ƙasa har wani masauki a cikin duwatsu. Tsohon gidan katako ne, tururi na tashi ta bayansa. A bakin ƙofa aka ce a cire takalmi. A ɗaki ba gado, tabarma ce malale, abinci ma a ƙasa ake ci. Na ce wa surukina, "Duk wannan tafiyar don ku kawo ni ɗakin kakata?" Baki ne kawai, raina ya so wurin.

Mai masaukin wata tsohuwa ce 'yar firit, ta girme ni. Ta kawo rigar da ake sawa a tafi wanka, surukina ya fita da jinjiri, ta tsaya za ta nuna min yadda ake ɗaura ta. Ina cire mayafi da riga sai hannunta ya tsaya cak. Jarfata ta gani. Don waɗanda ba su sani ba, mu 'ya'yan Maguzawa na zamanina, kafin yarinya ta isa aure wanzami yake mata zane da aska, a shafa baƙin tukunya, ya zauna har kabari. Nawa ya fara daga wuya, ya sauka ƙirji, ya bi hannuwa.

Suka yi ta magana da 'yata, wannan ta rusuna waccan ta rusuna.

"Ke, me take cewa?"

"Inna, a nan mai zane a jiki ba ya shiga wankan jama'a. A wurinsu 'yan daba aka sani da shi."

"Ni ce 'yar dabar?"

"Ba ke take nufi ba, doka ce. Ta ce akwai filasta, in aka rufe shi ke nan."

Aka kawo filasta. Wai mai launin fata ce, ba wanda zai lura. Fatar wa? 'Yata ta liƙa min ɗaya a damtse, na dawo kamar akuya mai tabo. Ta kwashe da dariya, ni ma na fara. Sai ta ɗauko ta biyu za ta sa min a wuya, dariyar ta maƙale min.

Ranar da aka yi zanen wuyan, a cinyar mahaifiyata kaina yake. Bayan girbi ne, a gindin rumbunmu. Ita ta buɗe nata ƙirjin ta ce wa wanzami, "Irin wannan sak, kada ka ƙara ko ɗigo." Ina kuka tana share min majina da bakin zaninta tana cewa, "Yi kukanki, gobe a kasuwa ke za a kalla." Ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Ɗakinta ya rushe tuntuni, a wurinmu kuwa ba a barin ko taku ɗaya na ƙasa, dawa ake nomawa a kai yanzu. Abin da ya rage nata a duniya shi ne wanda ke jikina.

Kuma gaskiyar da ba na son faɗa, ni na fara rufe shi tun kafin Japan. Na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da 'ya'ya huɗu. Ranar farko wata ta dubi wuyana ta ce, "Yau Bamagujiya za ta riƙe fensir." Na mayar mata da wadda ta fi tata zafi, amma washegari da mayafi na zo naɗe har haɓa, ban sake cire shi ba. A majami'a ma cewa ake abin da ne, na duhu. Da 'yata ta tasa mahaifiyata ta yi zancen wanzami, na ce ba za a taɓa ta ba. Mahaifiyata ba ta yi musu ba.

Na ɓare filastar daga damtsena na ajiye a tabarma.

"Gaya mata na gode, ba zan shiga ba. Uwata ba 'yar daba ba ce, ba kuma ciwo ba ce da za a liƙe."

"Inna, don Allah. Wannan ba zai fassaru ba."

"Karatun me kika yi to? Fassara."

Ban san yadda ta faɗa ba, na dai ga ta daɗe. Tsohuwar ta saurara, ta dubi wuyana, wannan karon ba a sace ba. Ta ce doka tana nan, baƙinta ba za su gane ba, ba za ta yi min ƙarya ba. Amma akwai ƙaramin wurin wanka a bayan gida, wanda iyalinta suke shiga. Kafin abincin yamma namu ne, mu biyu.

Kududdufi ne na dutse, bishiyoyi sun zagaye shi. Sai ka cuɗa jikinka tas a gefe kafin ka shiga, kuma ko ƙyalle ba ya taɓa ruwan. Na yi ta neman zani, 'yata ta ce, "Kwana arba'in kina kallona, yau ramuwa." Na tsoma ƙafa na zabura. Ni mai raina ruwan mutane, sai da na kira sunan Allah.

A hankali jiki ya saba. Can 'yata ta sa yatsa a wuyana ta ce, "Wannan fa, yana da suna?" Ni na haife ta, amma ba ta taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa ba ta fuska ba. Na ce wannan layin shuka ne, wannan tafin kaza, wannan na hannu duk matan gidanmu suna da shi. Ina faɗa tana maimaitawa.

"Na bayan fa?"

"Wane na baya?"

"Tsakanin kafaɗunki. Kamar ƙaramar ƙofa, da ɗigo uku a sama."

Sai a lokacin na tuna. Shi aka yi na ƙarshe, na riga na gaji da kuka, mahaifiyata ta juya ni ta raɗa wa wanzami wani abu. A gidanmu madubi bai wuce tafin hannu ba. Sama da shekara arba'in ina ɗauke da shi ban taɓa ganinsa ba, ban kuma tambaye ta ba tana raye. Allah ya taimake ni da tururi, fuskar kowa a jiƙe take.

Da muka koma ɗaki ta ɗauka min shi a waya. Na dawo gida na bi tsofaffin ƙauyenmu ɗaya bayan ɗaya da hoton. Wata ta ce ba na danginmu ba ne, wata ta ce idonta ya mutu. Wanzamin ya daɗe da rasuwa, 'ya'yansa facin taya suke yi a Bici.

Na koyi karatu da girma, yau ba takardar da za a miƙo min in kasa. Abu guda uwata ta rubuta min, ta sa shi inda idona ba ya kai, shi ne ban iya karantawa ba. Na daina rufe wuya tun daga wannan tafiyar, mai kallo ya kalla. Amma in ina wanka, har yanzu nakan miƙa hannu baya in laluba wurin. Inna, me kika ce masa ya zana?