Hannun da Kaka Ke Ƙirga Mu da Shi

Ƙarar ƙofar motar makaranta ce ta dawo mini da Kaka, wannan hucin da take yi in ta buɗe. Ranar ce 'yata za ta fara zuwa makaranta, shekararta biyar, jakarta ta fi bayanta faɗi. Muna tsaye a bakin titinmu a nan Glenwood, na damƙe hannunta har ta ce, "Mama, you're hurting me." Ban sake ta ba. Ban san matar da ke tuƙin ba, ban san hanyar da za su bi ba, Turancina kuma bai taka kara ya karya ba. Zuciyata sai cewa take in koma da ita gida.

Bari in ba ku labarin kakana, mahaifin babana, sai ku gane.

Garinmu a bakin iyaka yake. Bayan gonaki akwai wani dutse da aka shafa wa farar ƙasa, in ka wuce shi ka shiga wata ƙasar, ko da yake geron duk iri ɗaya ne. Kaka lauya ne a da. Ni ban riski wannan zamanin ba, kakata da muke kira Inna ce ta ba ni labari tana tsefe mini kai. Ta ce manoma da makiyaya, na can da na nan, duk wurinsa suke kawo kuka, shi kuma ba ya karɓar shari'ar gona sai ya taka iyakarta da ƙafarsa. Da rikici ya ɓarke aka sa masa kaki, aka ba shi mutane, don yana da karatu kuma ya san kowace hanyar daji. Yawancin waɗanda suka bi shi, waɗanda ya taɓa tsaya wa ne a kotu.

Ni dai tsoho na sani mai ɗingishi, da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya a ɓoye. Kullum kafin magariba zai tsaya a bakin zaure, mu jikoki mu wuce ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora mana hannu a ka yana ƙirgawa. Mu tara ne, ni ce ta tara. Hannun nan nauyi gare shi, da ƙamshin goro. In ya ce tara, ba ya sauke shi nan da nan, sai ya bar shi a sama kaɗan, kamar saura wani.

Inna ta ce wata damina ce suka ƙetare kogi ruwa ya kawo, bai ƙirga mutanensa ba sai da suka yi nisa. Mutum ɗaya babu. Ɗan wata tsohuwa ne da Kaka ya taɓa ƙwato wa gona. "Mutumin da ke magana gaban alƙali tun hantsi har azahar," in ji Inna, "ya je gaban matar nan ya cire hula, kalma ɗaya ta gagare shi."

Ina da shekara bakwai, ita ma damina ce, na tafi tsinkar tafasa na wuce farin dutsen ban sani ba. Hadari ya haɗo da la'asar, ruwa ya sauko, koramar da na tsallake da ƙafa ta cika ta batse. Na raɓe a gindin tsamiya ina kuka. A gida, da Kaka ya ga hadari sai ya ƙirga tun da wuri, ya tsaya a takwas.

An ce ya ciro takalman sojansa daga akwatin ƙarfe, waɗanda ba mu taɓa ganin su a ƙafarsa ba. Ya raba mazan gida, ku bi nan, ku bi can, da wata murya da Inna ta ce ita ma ta manta yana da ita. A bakin korama babana ya ce, "Baba, ƙafarka fa, bari ni in shiga." Ko kallonsa bai yi ba.

Na hango shi cikin ruwa har ƙirji, yana dogara sanda. Da ya iso na runtse ido, na ɗauka duka zan sha. Sai na ji hannun nan a kaina, a jiƙe.

"Tara," ya ce. Ya sake cewa, "Tara."

Sannan ya saɓa ni a wuya. "Amarya, haka ake yi? Ki gudu wata ƙasa ko sallama babu?"

Ya rasu kafin in yi aure. Yanzu ga shi na gudu wata ƙasar da gaske, inda babu zaure, babu mai tsayawa a ƙofa ya ga wa ya shigo, wa bai shigo ba.

Direbar, wata dattijuwa mai furfura, ta riƙe ƙofa tana jiranmu. Na tattara ɗan Turancin da nake da shi na ce, "You count them?"

Ta dube ni, ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga hannu ta nuna mini yadda take bin yaran kujera kujera tana ƙirga su, ta ce safe da yamma, kullum.

Na ɗora wa 'yata hannu a ka, na ce, "Ɗaya." Na sake ta.

Sai da motar ta sha kwana na lura hannuna yana nan a sama, bai sauka ba.