Kwana Huɗun da Baba Bai Ce Ba

A lokacin ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Samaru, ina haya a ɗaki ɗaya a Bomo, kuma ina ji da Turancina ƙwarai. Ko direban bas ya taka ni sai na mayar masa da Turanci.

Yarinyar da nake nema tela ce, gidansu yana Muchia, a Sabon Gari. Mahaifinta tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya, dattijo a majami'arsu. Hausa yake yi da kowa, amma da magana ta yi nauyi sai ya gyara tabarau ya koma Turanci irin na mutanen da. Ran wata Talata na je gaishe shi, na durƙusa, na ce iyayena suna so su zo gaisuwa. Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe, sannan ya ce, "Come back in a fortnight."

Ni kuwa "four nights" kunnena ya ji. Kwana huɗu! Tun daga Sabon Gari har Samaru ina ƙirga yatsu a cikin bas ina murmushi ni kaɗai: Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar. Ya faɗa daidai ranar da kowa ke gida. Na ce lallai tsohon nan ya san tsari. Na kira yarinyar na ce, "To, sai ranar da Baba ya sa." Ta ce, "Allah ya kai mu." Ashe ita mako biyu take nufi, ni kuma ina can ina neman mai guga.

Ran Asabar da hantsi muka cika ƙaramar bas. Ga baffana, manomi da ya taso daga ƙauye cikin farar babbar riga, ga gwaggota ta Basawa da ƙawayenta uku, ga goro da kiret-kiret na lemo. Muna tsayawa a ƙofar gidan gwaggo ta rangaɗa guɗa.

Abin da muka tarar, har yau in na tuna sai na dafe ciki. Kujerun falo duk an fito da su tsakar gida. Baba yana bisa tsani, daga shi sai singileti da gajeren wando, da burushi a hannu, yana yi wa bango shuɗin fenti saboda baƙin da za su zo nan da kwana goma, wato mu. Amaryata kuwa tana zaune ana mata kitso, rabin kai a kitse, rabi a tsaye. Tana ganinmu ta yi ihu ta ruga ɗaki, matsefin yana maƙale a gashinta.

Baba ya sauko a hankali. Ya ce, "Samari, lafiya?"

Na ce, "Baba, ai yau ne kwana huɗun. Four nights."

Ya dubi goron da lemon da muka kawo. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya zauna a kan bokitin fenti yana dariya har da hawaye, yana kiran matarsa, "Mama, fito ki ga malamin makaranta!" Da ya samu numfashi ya ce, "Fortnight, ɗana. Dare goma sha huɗu ne Bature ya dunƙule ya mayar kalma ɗaya. Mako biyu."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ta ce, "To guɗar tawa fa, in mayar?"

Amma tsohon malami ya samu ɗalibai, ina zai bari mu tafi? Ya jera mu a benci ƙarƙashin mangwaro, ya ɗauki gawayi, ya nufi bangon da bai kai ga shafawa ba. Ya rubuta interval, ya ce tazarar da ke tsakanin abu biyu ke nan, kamar tsakanin waƙa da waƙa a majami'a. Ya rubuta recess, hutun 'yan makaranta ko na masu shari'a. Lull, ya ce, shi ne ɗan shirun da ruwan sama ke yi kafin ya dawo da ƙarfi. Hiatus kuma dogon tsaiko ne, aiki ya tsaya amma bai mutu ba. Ya ce in Bature ya ce maka "shortly", ka tsaya a tsaye, in ya ce "in a while", ka nemi kujera.

Baffana bai taɓa shiga aji ba, amma ya kasa kunne kamar za a yi masa jarrabawa. Sai ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam, yaya Bature yake cewa jibi?"

Baba ya ce, "The day after tomorrow."

"Duk wannan? To gata fa?"

Baba ya waiwaya ya dubi rubutunsa a bango.

"Citta fa?"

Baba ya ajiye gawayin. Ya ce, "Wallahi ba shi da su."

Baffa ya juyo ya dube mu, fuska cike da nasara. Ya ce, "Kun ji ko? Mutum yana da kalmar kwana sha huɗu, amma ba shi da ta jibi. Da da Hausa aka yi wa yaron nan magana, da yanzu ina gonata." Mata suka fashe, Mama har da riƙe ƙofa. Baba ya miƙa masa hannu suka tafa, kamar sun shekara da sanin juna.

Daga nan komai ya warware. Baba ya ce tunda Allah ya kawo mu, ba za a mayar da goro ba. Aka aika a kira ƙanensa daga shagonsa a kasuwar Sabon Gari, ya iso a kan acaɓa yana tambayar wa ya mutu. Mama da ƙawayen gwaggo suka ɗora shinkafa. Aka ƙarasa wa amarya kitso a gurguje, ta fito ta gaida iyayena kanta a ƙasa, ta gefen ido kuma tana hararata tana danne dariya. Aka yi addu'a, aka karɓi gaisuwarmu a tsakar gida, cikin warin fenti. Da aka zo sa ranar biki, Mama ta ce ita ce za ta faɗa da bakinta, da Hausa, kuma sai na maimaita sau uku a gaban kowa. Na maimaita.

Sai da muka miƙe za mu tafi muka ga bayan babbar rigar baffa ya koma shuɗi tun daga kafaɗa, don ya jingina da bango lokacin addu'a. Ko a jikinsa. A cikin bas yana ta gwada sabuwar kalmarsa, hiatus, yana tambayata ko ya faɗa daidai. Da damina ta kama na je ƙauye taya shi noma, rana ta take, ya jefar da fartanya ya nufi inuwa, ya daka wa 'yan gayya tsawa, "Kowa ya zo, hayatas!"